Na samu tsohon teburin walda mai nauyin gaske, ta ina zan fara gyara shi?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar ƙarfe. Shawara nake nema kafin in yi aika-aika. Na samu tsohon teburin walda daga wani wurin aiki da aka rufe. Samansa farantin ƙarfe ne guda ɗaya, tsawo mita 2, faɗi mita 1, kauri milimita 16. Ƙafafunsa huɗu na ƙarfen canel ne mai kauri, tsayinsa daga ƙasa santimita 100 cif. Da cembulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi, muka sauke shi daga mota, sannan muka jera fayif a ƙasa muka gangara shi ciki.

Matsalar ita ce ɗakin aikina na gida mita 3 ne da 4. Teburin ya cinye wurin, in na tsaya a bayansa ko juyawa ba na iya yi da doguwar fayif a hannu. Abu uku nake so: in rage tsawonsa zuwa mita ɗaya da rabi, in sa masa taya, in huhhuda saman kamar teburan zamani da ake soka kilam, wato abin matse ƙarfe, a ciki. Ni ba ƙwararre ba ne, ranakun hutu nake walda, kantoci da ƙananan ƙofofi da kujeru. Wanne ya kamata in fara, wanne kuma zai lalata min tebur?

Baba Mai Walda:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya alheri. Amsata a taƙaice: kada ka yanke shi. Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, ban taɓa jin mai walda ya ce teburinsa ya yi masa girma a ranar da zai haɗa ƙofa ba. Ranar da za ka shimfiɗa firam mai mita biyu, rabinsa na reto a iska, za ka tuna da ni. Nauyin nan da kake kuka da shi, shi ne darajar teburin. Jingina shi da bango ka ci gaba da aikinka.

Injiniya Sadi:
Bari mu fara da lissafi, don kowa ya san da me ake magana. Kowace murabba'in mita ta farantin ƙarfe tana da nauyin kilo 7.85 a kan kowace milimita ta kauri. Naka murabba'in mita 2 ne, kauri 16, wato kusan kilo 251 saman kaɗai. Haɗa da ƙafafu da ƙarafan da ke tallafe da shi, zan yi mamaki in bai kai 350 ba. Rabin mitar da kake son cirewa kilo 63 ne. To ka gani, ko ka yanke, abin da zai rage ba na ɗauka da hannu ba ne.

Amma kafin yanka, kafin taya, kafin huji, akwai tambayar da ba ka yi ba: saman a miƙe yake? Samo dogon ƙarfe da ka tabbatar da miƙewarsa, ka kifa shi a kan teburin ta tsawo, ta faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa. Haska tocila ta baya. Inda haske ya ɓullo, nan ne ya lotsa. In ba ka da irin wannan ƙarfen, ɗaure siririn zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ka ɗaga shi da noti iri ɗaya a kowane ƙarshe, sannan ka bi da noti na uku a ƙarƙashin zaren kana dubawa. Ka dawo mana da sakamako.

Ɗan Maƙera:
Ni tayar ce ban yarda da ita ba. Tebur mai taya ba tebur ba ne, amalanke ne. Ka ɗaure ƙarfe a bais, wato mariƙin ƙarfen da ake kafewa a tebur, ka ja da ƙarfi, sai ka ga kai da tebur kuna yawo a ɗaki. Ko da birki, yana rawa.

Maman Walid:
Malam Ɗan Maƙera, wanda yake da fili ne ke faɗin haka. Ni ma a ƙaramin wuri nake aikin kwalliyar ƙarfe, kuma in ba don taya ba da ban iya share ƙarƙashin teburina ba, balle in jawo shi bakin ƙofa don hayaƙi ya fita. Abin da aka yi wa nawa shi ne taya da ƙafa duka biyu. Kusa da kowace taya akwai babban bol da ke sauka ƙasa. In zan yi aiki sai in ɗaura sifana in sauke su, tayoyin su ɗan tashi daga ƙasa, teburin ya zauna daram. In zan motsa shi in mayar da su sama. Minti biyu ne.

Abu Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya, na yi gwajin zaren yanzu bayan na dawo. Tsakiyar ta lotsa da kamar milimita 3, kuma kusurwa ɗaya ta ɗan ɗaga. Na leƙa ƙasa da tocila, sai na ga wanda ya haɗa shi ya bi farantin da walda mai kauri, doguwa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan a jikin ƙarafa biyu da suka ratsa tsakiya. Ko ita ce ta jawo?

Baba, na ji maganarka, kuma wallahi ta tsaya min a rai. Amma na auna: in ya zauna a mita 2, ƙofar ɗakin ba ta buɗewa gaba ɗaya.

Injiniya Sadi:
Ita ce, ko aƙalla ita ce babbar mai laifi. Walda in ta huce tana tsukewa, ta ja ƙarfen da ke kewaye da ita. Duk inda aka zuba doguwar walda a fuska ɗaya ta faranti, sai ya tanƙware. Mutane na ganin milimita 16 ta fi ƙarfin wannan, alhali ba ta fi ba, jinkiri kawai take yi.

Wannan ya canza tsarin aikin. Tunda za ka taɓa teburin, to raba saman da firam ɗin gaba ɗaya. Ka bi waldar nan da giranda, kana cin walda da jikin firam, ba jikin faranti ba. Wani lokaci da zarar ka sake shi sai ka ji ya yi ƙara ya ɗan koma daidai da kansa. Daga nan ka gyara firam ɗin shi kaɗai, ka rage tsawo, ka rage ƙafa, sannan ka mayar da saman da bol, ba da walda ba.

Yadda ake yi: ka ɗiga ƙananan kunnuwa na ƙarfe a jikin firam, kamar tara ko goma sha biyu, a warwatse. A kowane kunne bol biyu. Ɗaya yana shiga ramin da ka yi wa zare irin na cikin noti a ƙasan farantin ya jawo shi ƙasa, ɗayan yana tokare shi ya tura sama. Da waɗannan biyun za ka bi wurin da ya lotsa ka ɗaga, wurin da ya ɗaga ka sauke, har ya miƙe. Bayan shekara in ya sake motsi, sifana kawai za ka ɗauko.

Baba Mai Walda:
Injiniya, a kan rashin zuba doguwar walda muna tare. Amma bol goma sha biyu da yanka zare a ƙarfe mai kauri, ga wanda ya ce ranar hutu yake aiki? In tap ɗin, wato bakin yanka zaren, ya karye masa a ciki fa? Mu abin da muka saba: a cusa ƴan siraran ƙarfe inda ya lotsa, a matse da kilam, a ɗiga walda gajeriya kamar santimita biyu, nan da can, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ana bari ta huce. Teburina haka yake tun ina saurayi.

Injiniya Sadi:
Ranka ya daɗe, hanyarka tana aiki, ban musa ba. Bambancin shi ne taka in an yi an gama, tawa ana iya komawa a gyara. Kuma ba dole sai ya yanka zare ba. Zai iya ɗiga wa noti walda a ƙasan farantin, ɗigo biyu ƙanana, zafin da ba zai kai ya motsa milimita 16 ba.

Baba Mai Walda:
To wannan na yarda. Noti da ɗigo biyu, babu laifi.

Bakanike Tanko:
Ku yi haƙuri in katse ku, don duk kuna maganar miƙewa, ni kuma ƙafar mutumin nake ji wa tsoro. Abu Hanan, ka saurare ni da kyau. Na taɓa taya wani rage ƙafafun tebur wanda bai kai naka nauyi ba. Muka ɗaga gefe ɗaya da jak ɗin mota, muka yanke ƙafa biyu, muka ce bari mu sauke a hankali. Kan jak ɗin ƙarfe ne a kan ƙarfe, ga fenti mai santsi. Ban ma ga lokacin da ya zame ba. Ƙara kawai na ji, sai ga gefen teburin a ƙasa, ya fasa daɓen siminti, tazarar yatsu uku tsakaninsa da babban yatsan ƙafata. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Don haka: kada ka dogara da jak shi kaɗai ko na daƙiƙa ɗaya. Ka jera katakai masu kauri, a gicciye, suna bin teburin yayin da yake tashi. Kada hannu ko ƙafa su shiga ƙarƙashi. In da injin ɗaga injin mota za ka yi amfani, ka duba rubutun da ke jikin hannunsa, domin wanda aka rubuta tan 2 yakan koma rabin tan in ka zaro hannun har ƙarshe. Kuma rabin mitar nan da za ka yanke, kilo 63 ne kamar yadda Injiniya ya faɗa. Ka tallafe shi tun kafin ka fara, in ba haka ba a ƙarshen yanka zai sunkuya ya matse faifan giranda, faifan ya tarwatse maka a fuska.

Abu Hanan:
Subhanallah. Oga Tanko, Allah ya ƙara kiyayewa. Gaskiya da jak nake shirin yi. Na fasa. Tunda zan raba saman da firam, zan zame farantin a kan benci biyu masu ƙarfi, in kifa firam ɗin in yi aikin ƙafafu a sama.

Yankan fa? Akwai mai tocin gas da zai iya zuwa. Ko in lallaɓa da giranda?

Ɗan Maƙera:
Gas ya fi sauri, minti kaɗan an gama. Amma zafinsa na iya ɗaga bakin, kuma sai ka sha gogewa kafin ya yi kyau. In mai yankan ba gwani ba ne bakin zai fito kamar haƙoran zarto. Ni da giranda babba zan yi, mai faifan milimita 230. Ka matse angul a kan layin ya zama jagora. Kada ka ce za ka nutsa lokaci guda, ka ja layi marar zurfi daga farko zuwa ƙarshe, ka dawo, ka sake, kana ƙara zurfi kaɗan-kaɗan. Faifai biyu zuwa uku za su tafi. Murfin giranda na wurinsa, gilashin fuska na fuskarka.

Kuma ka bar baki. Ina nufin farantin ya zarce firam da santimita 6 zuwa 8 ta kowane gefe, don kilam ya sami wurin kamawa. Mutane da yawa suna manta wannan sai sun gama.

Maman Walid:
Game da tsayi, kada ka manta taya tana ƙara shi. Taya mai faɗin santimita 15, da gindinta, tana kai wa kusan 19. Teburinka 100 ne, in ka liƙa ta a ƙasan ƙafa ya zama 119, sai dai ka hau kujera. Yawancin mutane tsakanin 85 da 95 suke jin daɗi. Ka tsaya da takalmin aikinka, ka riƙe abin walda kamar kana aiki, wani ya auna. Ka tuna kuma abin da kake haɗawa shi ma yana da nasa tsayin a kan tebur. Gara ya ɗan yi ƙasa da ya yi sama.

Injiniya Sadi:
Hajiya ta yi daidai. In ƙara da lissafin taya: kada ka raba nauyi gida huɗu, raba shi gida uku, domin babu daɓen da ya miƙe har tayoyi huɗu su ɗauki kaya daidai wa daida. Bayan yanka teburinka zai kai wajen kilo 280. Ɗora masa aikin kilo 200, ya zama 480. Raba uku, 160. To ka nemi wadda aka rubuta 250 ko sama da haka a kowace ɗaya. Ta roba mai laushi ba ta yi, tana lotsewa in ta daɗe a wuri ɗaya, tartsatsi kuma yana cin ta. Ta ƙarfe ko mai taurin gaske. Babbar taya ta fi ƙarama haye ɓaraguzan ƙarfe da guntayen sandar walda da ke ƙasa.

Bol ɗin ƙafa kuwa, M24, wato mai kaurin milimita 24, ya isa. Kowane zagaye ɗaya yana tafiyar milimita 3, ka ga zagaye biyu ko uku sun raba taya da ƙasa. Ka sa noti na biyu na kullewa, ka kuma liƙa ɗan faranti a kan da ke taɓa ƙasa don kada ya haƙa siminti.

Ɗan Maƙera:
In dai tayar ba ta taɓa ƙasa lokacin aiki, to na janye maganar amalanke. Amma a fitar da su ta gefe, kada a tsuke su ciki. Tebur mai nauyi a sama, in gindinsa ya tsuke, ƙaramin tudu ya isa ya kifar da shi.

Abu Hanan:
Saura maganar ramuka. Na ga ana yin milimita 16, tazarar milimita 50.

Baba Mai Walda:
Ƙirga su tukuna.

Abu Hanan:
Na ƙirga. 30 sau 20, rami 600. Innalillahi.

Injiniya Sadi:
To ka gani. Ko minti biyu kowane rami ya ci, awa 20 ke nan, ban da aunawa. Kuma kada ka yi zaton za su rage nauyi, duka ɗari shidan abin da za su cire kusan kilo 15 ne kawai.

Tsarin da ka gani gaskiya ne: rami mai faɗin milimita 16 tazara 50, akwai kuma na manyan ayyuka, rami mai faɗin 28 tazara 100. A Amurka da inci suke yi, rami 5/8 tazarar inci 2. Ka lura 5/8 na inci milimita 15.9 ne, bai cika 16 ba, don haka kayan matsi na milimita 16 ba lallai su shiga ramin inci ba. Ka fara sanin irin kilam ɗin da za ka samu kafin ka zaɓi bakin huji.

Shawarata: rami mai faɗin milimita 16, tazara 100. Rami 150 ke nan, kuma duk ranar da ka buƙaci ƙari sai ka huda a tsakani. Da injin huji na hannu ba za ka iya ba, ramin zai karkace, wuyan hannunka kuma zai sha wuya in bakin ya kama. Ka nemi aron injin huji mai maganaɗisu, da irin bakin nan mai rami a ciki wanda ke yanke zobe ya fitar da ƙwaya. Kaurin farantinka ya ishi maganaɗisun ya riƙe sosai. Ka riƙa zuba man yanka, ka share tarkace a ƙarƙashin maganaɗisun kafin kowane rami. Kuma ka zana inda ƙarafan firam da notocin nan za su zauna tun kafin ka fara, kada rami ya faɗo a kansu.

Baba Mai Walda:
Ni ko ɗari da hamsin ɗin ma ina ganin sun yi yawa. Rami na haɗiye ƙananan noti da alli, tartsatsi kuma yana bi ta ciki ya sauka a kan duk abin da ka ajiye a ƙasa. Mu ɗan ƙarfe muke ɗigawa a kan tebur ya riƙe aiki, in an gama a kakkaɓe a goge. Amma na san kowace gogewa tana cin saman, kuma na ga yaran da ke aiki da ramukan nan, firam ɗinsu na fitowa a kusurwa daidai ba tare da wahala ba. To ɗana, ka huda rabi ka bar rabi. Gefe ɗaya na jera aiki, gefe ɗaya na ƙananan abubuwa da zane da alli. In za ka yi kanta a ƙasa, ka sa falle na ƙarfe tsakaninta da saman ya tare wuta.

Bakanike Tanko:
Abu biyu da ba a ambata ba. Na ɗaya, wayar atin, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin aiki ko tebur. Ka yi mata kunne nata a jikin farantin kansa, wuri mai tsabta babu fenti babu tsatsa. Kada ka maƙala ta inda wuta za ta bi ta cikin taya ko zaren bais kafin ta isa aiki, tana ƙona boris ta bar masa tabo. Tunda yanzu bol ne zai haɗa saman da firam, kada ka dogara da ƙafa.

Na biyu, abin da za ka wanke saman da shi. Kada ka kuskura ka fesa maganin wanke birki mai sinadarin kulorin a wurin da za a yi walda. In zafi da hasken walda suka same shi yana rikiɗa ya zama iskar fosjin, kaɗan daga cikinta na lalata huhu. Tsohon fentin ƙafafun ma ba ka san me ke cikinsa ba, wasu tsofaffin fenti akwai dalma. Ka sa abin rufe hanci na gaske, ka kankare inda za ka yi walda har ƙarfe ya fito fari, ƙofa a buɗe.

Maman Walid:
Kuma tunda gida ne, a kwashe duk abin da wuta ke kamawa. Tartsatsin giranda na iya tafiyar mita goma. Ni in na gama ba na rufe ɗakin sai na zauna rabin awa ina tattara kaya, ina shinshina. Saman tebur kuwa kada ka yi masa fenti. Goge tsatsar da burushin waya, kada ka sa faifai mai ci, sannan ka shafa mai kaɗan ka goge da tsumma.

Abu Hanan:
Assalamu alaikum. Na dawo bayan sati uku, ga yadda ta kaya.

Cire tsohuwar waldar shi ya fi komai cin rai, kwana biyu ina kwance a gefe da giranda, bayan mun tokare ko'ina da katako kamar yadda Oga Tanko ya ce. Da na yanke ta ƙarshe a tsakiya, na ji wani ƙas, kamar an karya busasshen kara. Na mayar da zare, lotsawar ta ragu daga milimita 3 zuwa ɗaya da ɗan kai. Sauran bol suka ƙarasa. Noti goma sha biyu na ɗiga, na kwashe yamma guda ina zagaye teburin da sifana, ɗaga nan, sauke can. Yanzu ko katin waya ba ya shiga ƙarƙashin ƙarfen gwaji a ko'ina, sai a kusurwar nan da ta ɗaga tun farko, ita ta ƙi sauka gaba ɗaya. Na bar ta.

Tsayi ya tsaya a 90. Tayoyi na waje, bol na M24 na gefensu. Ramuka na bi shawarar Baba, rabi kawai, 70 suka kama.

Baba, na yanke rabin mitar, ka yafe ni. Amma ban yar ba. Na yi mata ƙafafu uku ta zama ƙaramin teburin duka, bais na kanta, don guduma ta daina sauka a kan babban. Tsayinsu ɗaya, ranar da zan haɗa ƙofa sai in jawo ta gefe ta tallafe sauran.

Baba Mai Walda:
Madalla, Allah ya yi albarka. Wannan dabarar ta tsayi ɗaya ta yi min. Ka sake gwajin zaren bayan wata ɗaya, sabon ɗauri yakan ɗan saki in ya ji zafi da nauyi. Kusurwar da ta ƙi kuwa, ka yi mata alama da fenti a gefe, don kada ka manta ka jera aikin da ke son daidaito a kanta.

Ɗan Maƙera:
Ƙaramin mai ƙafa uku ka ƙara masa nauyi a ƙasa ko ka kafe shi da bol a daɓe, in ba haka ba ranar da ka sa doguwar fayif a bais ka danna, zai biyo ka. Turo mana hoton ƙasan babban, ina so in ga yadda ka jera kunnuwan.